Martani: Sarautar Marta ba ta je-ki-na-yi-ki ba ce

A kwanakin baya wani marubucin wasanni ya fitar da sharhi a kan Marta Vieira da Silva, 'yar ƙwallon ƙafar nan ta Birazil da mutanen ƙasarta ke kira Sarauniya. Abin da ya tsaya a kai shi ne wannan sarauta ta je-ki-na-yi-ki ce. Ya kawo hujja huɗu: ba ta taɓa ɗaga kofin duniya ko rataya zinaren Olamfik ba; takan noƙe a ranar da aka fi buƙatarta; ta ƙare rayuwarta tana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan; kuma farin jini ne ya ba ta kyautar gwarzuwar duniya har sau shida.

Shekarun da ya lissafo daidai suke, haka ma sakamakon wasannin. Birazil ta sha kashi a hannun Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2007, kuma Amurka ta doke ta a wasan ƙarshe na Olamfik har sau uku, a 2004 da 2008 da 2024. Inda sharhin ya kauce hanya shi ne abin da ya tsallake, domin ya karanta sakamako ya bar yadda aka kai ga sakamakon.

A fara da ƙasar da ta haife ta. A ranar 14 ga Afrilu 1941 gwamnatin Getúlio Vargas ta kafa dokar da ta hana mata wasannin da aka ce ba su dace da halittarsu ba. A 1965 gwamnatin soja ta fito fili ta ambaci ƙwallon ƙafa a cikin jerin abubuwan da aka haramta musu. Ba a soke haramcin ba sai 1979, ba a kuma tsara wasan mata a hukumance ba sai 1983. Cikin waɗannan shekaru 38 maza sun ci wa Birazil kofin duniya sau uku, mata kuwa doka ta hana su taka leda. Formiga, wadda ta daɗe tana wasa tare da Marta, an haife ta ne a 1978, haramcin yana nan daram.

Ita Marta an haife ta ranar 19 ga Fabrairu 1986 a Dois Riachos, wani ƙaramin gari mai fama da fari da talauci a jihar Alagoas, arewa maso gabashin ƙasar. Mahaifinta ya bar gida tun tana jaririya, mahaifiyarta ce ta riƙe su su huɗu. A cikin yara maza ta koyi ƙwallo, saboda babu ƙungiyar 'yan mata a garin. Har an taɓa cire ta daga wata gasar yara domin kocin wata ƙungiya ya ce zai janye 'yan wasansa idan aka bar mace ta buga. Tana da shekara 14 ta hau motar safa, ta yi kwana uku a hanya zuwa Rio de Janeiro don gwaji a Vasco da Gama. Ta ci gwajin. Ba a fi shekara biyu ba ƙungiyar ta rufe ɓangaren matanta.

Su wa ta tarar a wasannin ƙarshen da marubucin ke yi mata gori a kansu? Amurka tana da doka tun 1972 da ta tilasta wa makarantu da jami'o'i su ba 'yan mata haƙƙinsu a wasanni, ta ci kofin duniya a 1991 da 1999, kuma mutum sama da 90,000 ne suka kalli wasan ƙarshen 1999 a filin Rose Bowl. Jamus tana da gasar lig ta mata tun 1990, ita ce kuma ke riƙe da kofin duniya lokacin da suka haɗu a 2007. Birazil ta je wannan gasa babu lig na ƙasa mai ɗorewa a gida. Sai bayan an dawo ne aka fara buga kofin ƙalubale na mata, shi kuwa lig ɗin da ake bugawa yanzu sai 2013 aka fara shi. Da 'yan wasan suka hau dandamalin karɓar azurfa a Shanghai, ƙyalle suka ɗaga mai ɗauke da roƙo ga ƙasarsu cewa suna buƙatar tallafi. Wanda ya ga wannan ya ɗora wa Marta laifin rashin kofi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai batun noƙewa, wanda shi ne zargi mafi nauyi. Marubucin ya kafa shi a kan abu biyu: fenaretin da ta ɓarar a wasan ƙarshen 2007 da jan katin da ta karɓa a Olamfik na 2024. Dukansu sun faru. A ranar 30 ga Satumba 2007, Jamus na gaba da ci ɗaya, Marta ta buga fenareti mai tsaron raga Nadine Angerer ta tare, aka tashi 2-0. Sai dai babu wanda ya ci Angerer ko ƙwallo ɗaya a duk gasar, wasa shida. Kuma kwana uku kafin wannan rana, a birnin Hangzhou, an yi wani wasa da sharhin bai ko ambata ba.

Amurka ta shigo wasan kusa da na ƙarshe tana da wasa 51 a jere ba a doke ta ba. Birazil ta ci ta 4-0, kaye mafi muni da ta taɓa sha a kofin duniya. Gaskiya ne an kori 'yar wasan Amurka ɗaya dab da hutun rabin lokaci, amma kafin korar an riga an zuba mata biyu, ta biyun daga ƙafar Marta. A minti na 79 aka turo mata ƙwallo a gefen hagu, ta juya wa raga baya, Tina Ellertson tana manne da ita. Ta taɓa ƙwallon ta wuce ta ɓangare ɗaya na Ellertson, ita kuma ta zagaya ta ɗaya ɓangaren ta same ta a gaba. Ta shiga yadi na 18, ta yanke Cat Whitehill, sannan ta buga da ƙafar dama, wadda ba ita ce ƙafarta mai ƙarfi ba, ta wuce mai tsaron raga Briana Scurry. Tana da shekara 21 a lokacin. Ta bar ƙasar Sin da ƙwallo bakwai, da takalmin zinare, da kyautar wadda ta fi kowa iya wasa a gasar.

Shekara ɗaya bayan haka suka sake haɗuwa da Jamus a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik, a birnin Shanghai ɗin dai, Angerer ɗin dai ce a raga. Jamus ta fara ci, Birazil ta farke ta ƙara uku, aka tashi 4-1, ɗaya daga ciki ta Marta ce. A wasan ƙarshe da Amurka ta sami dama kusa da raga ta ɗirka ƙwallo, Hope Solo ta kai hannu ta kaɗe, sannan Carli Lloyd ta ci a ƙarin lokaci. A 2011 a Dresden, a wasan daf da na kusa da ƙarshe na kofin duniya, ƙwallaye biyun da Birazil ta ci Amurka duk Marta ce ta ci su. Saura ƙiris a tashi, a minti na 122, Abby Wambach ta farke da ka, aka fitar da Birazil a bugun fenareti. Mace ta ci biyu a irin wannan wasa, 'yan baya su bar ƙofa a buɗe a mintin ƙarshe, ta ina za a ce ita ce ta noƙe?

Jan katin 2024 kuwa kuskure ne, babu mai wanke ta. Ta ɗaga ƙafa har kusa da kan Olga Carmona ta Sifaniya, alƙalin wasa ya kore ta, ta fita tana kuka, aka dakatar da ita wasa biyu. Masu kallo a Najeriya dai za su tuna abin da ta yi kwana shida kafin nan a Bordeaux. Ta ci Super Falcons aka soke saboda satar gida, ba a jima ba ta zura wa Gabi Nunes ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 1-0. Shekarunta 38 ke nan, shekara biyu bayan tsinkewar jijiyar gwiwa da ta zaunar da ita kusan duk kakar 2022.

Wanda ke neman ganin halinta a ranar tsanani ya duba 2 ga Agusta 2025 a birnin Quito, wasan ƙarshe na kofin Kudancin Amurka da Kolombiya. Daga benci ta taso ana saura mintoci kaɗan. Kolombiya ta shiga gaba da 3-2, lokaci ya cika, ana cikin mintocin da alƙali ya ƙara. A na shidansu Marta ta ɗirka ƙwallo daga wajen yadi na 18 ta faɗa raga. A ƙarin lokaci ta sake ci. Kolombiya ta farke ya zama 4-4, aka je fenareti, aka tare nata, amma abokan wasanta suka ci 5-4 Birazil ta ɗauki kofin. A 2007 ta ɓarar babu wanda ya rufa mata baya, a 2025 ta ɓarar aka samu masu rufa mata. Abin da ya canja a tsakani shi ne ƙarfin tawagar da ke kewaye da ita, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zargin yawo shi ne mafi rauni, kuma shi ya fi nuna ba a bi diddigin labarin ba. A farkon 2004, tana cika shekara 18, ta bar zafin Birazil ta koma Umeå a arewacin Suwidin, garin da dusar ƙanƙara ke rufewa wata da watanni. A shekarar farko suka ci kofin zakarun Turai na mata, suka lallasa Frankfurt 8-0 gida da waje, uku daga ciki nata ne. Ta zauna kaka biyar, ta ci lig huɗu a jere daga 2005 zuwa 2008. A 2009 aka buɗe sabuwar gasar ƙwararru a Amurka, ta koma Los Angeles Sol, ta fi kowa cin ƙwallo, ƙungiyar ta rushe bayan kaka ɗaya tak. Ta koma FC Gold Pride a 2010, suka ci kofi, ƙungiyar ta rushe bayan 'yan makonni. Ta koma Western New York Flash a 2011, suka ci kofi, sai gasar gaba ɗayanta ta rushe a 2012. Santos, inda ta je aro ta ci kofin zakarun Kudancin Amurka na mata na farko a 2009, ita ma ta rufe ɓangaren mata a farkon 2012.

Ta dawo Suwidin ta shiga Tyresö, suka ci lig a 2012. A Mayun 2014 suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Lisbon alhali 'yan wasa na bin bashin albashi. Marta ta ci biyu, Wolfsburg ta yi nasara 4-3, bayan 'yan makonni Tyresö ta tsiyace ta fice daga gasa. Ta ƙarasa a Rosengård ta ƙara lig biyu, jimilla bakwai a Suwidin da ƙungiya uku. Mutumin da gida ya rushe a kansa sau huɗu ko biyar ba a kiransa mai yawon banza. Da ta sami inda ƙasa ba ta zaftarewa a ƙarƙashinta, ai zama ta yi. Ta shiga Orlando Pride a 2017, ta jure shekaru na rashin nasara, ƙungiyar tana yawan ƙarewa a ƙasan teburi, ba ta gudu ba.

A Nuwamban 2024 haƙurin ya biya. A wasan kusa da na ƙarshe da Kansas City Current ta ja ƙwallo a guje, ta yi kamar za ta buga, 'yan baya biyu suka zube a ƙasa a tare, ta kewaye mai tsaron raga ta tura a raga. Da wannan ƙwallo aka ci 3-2. Ranar 23 ga watan suka doke Washington Spirit 1-0, Barbra Banda ta Zambiya ce ta ci, Marta ta ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Mahaifiyarta tana cikin 'yan kallo, zuwanta Amurka na farko ke nan.

A batun kyaututtuka akwai inda marubucin ke da gaskiya, kuma ya kamata a ba shi. Kyautar 2018 ta jawo ce-ce-ku-ce. Ada Hegerberg da Dzsenifer Marozsán sun ci kofin Turai da Lyon a wannan shekara, mutane da yawa kuma sun ga Pernille Harder ta cancanta, ga shi ba ta ma shiga ukun ƙarshe ba. Ba mamaki suna ya yi tasiri a ƙuri'a. To amma sauran biyar fa, daga 2006 zuwa 2010 a jere? A cikin waɗannan shekaru ne ta ci lig uku a Suwidin, ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya da na Olamfik, ta ci zinaren wasannin nahiyar Amurka a filin Maracanã a 2007, ta zama gwarzuwar gasar Amurka sau biyu. Kociyoyi da kyaftin-kyaftin na ƙasashe suna cikin masu zaɓe a lokacin, wato mutanen da ke kwana suna tunanin yadda za su tare ta. A cire ta 2018 ɗin ma, biyar sun rage, kuma babu macen da ta kai haka a kyautar FIFA.

Ƙwallo a raga kuwa ba ta buƙatar ƙuri'ar kowa. Ranar 18 ga Yuni 2019 ta ci Italiya da fenareti a Valenciennes, ƙwallonta ta 17 a kofin duniya, ta wuce Miroslav Klose na Jamus mai 16. Ita ce ta fara cin ƙwallo a kofin duniya biyar daban-daban, maza da mata, kafin Cristiano Ronaldo ya yi haka a 2022. Ita ce ta fara ci a Olamfik biyar a jere. Ta ci wa Birazil sama da ƙwallo 115, ta wuce Pelé da Neymar.

Shi kansa ma'aunin da marubucin ya ɗauko, ba ya aiki da shi idan maza ake magana. Zico bai ci kofin duniya ba, kuma a 1986 ya shigo daga benci ya ɓarar da fenareti a wasan da Faransa ta fitar da Birazil, amma har gobe sunansa na cikin manya. Johan Cruyff ya sha kashi a wasan ƙarshen 1974, Ferenc Puskás a na 1954. George Weah ya zama gwarzon duniya a 1995 ba tare da Laberiya ta taɓa zuwa gasar ba. Duk mai zama a gidan kallon ƙwallo ya san shekarun da aka kwashe ana yi wa Messi wannan gori kafin 2022, kuma babu mai hankalin da zai ce sai a daren Qatar ya iya ƙwallo.

Mai karatu a Najeriya ma ba sai an kai shi nesa ba. Super Falcons sun ci kofin Afirka sau goma, amma mafi nisan da suka je a kofin duniya shi ne daf da na kusa da ƙarshe a 1999, inda Birazil ɗin nan ta fitar da su 4-3. A 2016 sun ci kofi a Kamaru, suka dawo suka ƙi fita daga otal a Abuja sai an biya su haƙƙinsu. Da ma'aunin marubucin, Perpetua Nkwocha da Asisat Oshoala ba su tsinana komai ba ke nan. Duk wanda ya san halin da suka yi wasa a ciki ba zai yarda da wannan hukunci ba, kuma abin da ya hana a yanke musu shi, shi ne ya hana a yanke wa Marta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga teburin sakamako. A Olamfik na Rio a 2016 hoton wani yaro ya zagaya duniya: ya soke sunan Neymar a bayan rigarsa mai lamba 10 da alƙalami, ya rubuta Marta a ƙasa. A 2019 ta buga kofin duniya da baƙin takalmi marar tambarin kowane kamfani, mai ɗauke da alamar neman daidaito, saboda ta ƙi amincewa da tayin da ta ga bai kai darajarta ba. Da Faransa ta fitar da su a Le Havre, ta fuskanci kyamara da jajayen idanu ta yi wa 'yan matan ƙasarta magana kai tsaye. Ta gaya musu ita da Formiga da abokiyar wasansu Cristiane ba za su dawwama ba, ɗorewar wasan tana hannunsu, su ƙara ƙwazo a atisaye su kula da jikinsu. Daga wannan shekara aka wajabta wa manyan ƙungiyoyin Birazil su kafa ɓangaren mata, a 2020 kuma hukumar ƙwallon ƙasar ta daidaita alawus na maza da mata. Ba ita kaɗai ta yi wannan gwagwarmaya ba, amma fuskarta aka fi gani a gaba.

Marubucin ya yi nuni da cewa a 2024 Birazil ta doke Faransa 1-0 ta kuma ci Sifaniya mai riƙe da kofin duniya 4-2 lokacin da Marta ke zaune a kan dakatarwa, wai alamar ba a buƙatarta. Yawancin waɗanda suka ci wasannin nan biyu yara ne a ranar da ta yanke Ellertson a Hangzhou, a kan kallonta suka tashi, kuma da yawansu a lig ɗin gida suka goge, wanda babu shi lokacin da ta hau motar Rio. Tawagar da za ta iya cin Sifaniya ba tare da ita ba, ita ce abin da ta kwashe shekara ashirin tana roƙo a samar.

Ya kamata marubucin ya koma ya kalli wasannin Hangzhou da Dresden da Lisbon da Quito daga farko har ƙarshe, sannan ya sake auna hukuncinsa. Marta ba ta ci kofin duniya ba, wannan zai tsaya a tarihinta, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa yana yi mata ciwo ba. Amma sarautar da aka ba ta a filin wasa ta same ta, a gaban Amurka da Jamus, a ƙungiyoyin da ke rushewa tana tsaka da ci musu kofi. A 2024 FIFA ta ƙirƙiro kyautar ƙwallo mafi ƙayatarwa ta mata ta sa mata sunan Marta. A watan Yunin 2027 kuma Birazil, ƙasar da ta haramta wa mata ƙwallo na shekara 38, za ta karɓi baƙuncin kofin duniya na mata, karo na farko da za a yi shi a Kudancin Amurka.